Shirin al'umma na yaƙi da gubar dalma a yammacin Zamfara

Shirin al'umma na yaƙi da gubar dalma a yammacin Zamfara shi ne jerin matakan da mazauna ƙauyuka, masarautu, hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka tsara kuma suka aiwatar tare daga shekarar 2010 zuwa 2022, domin daƙile annobar gubar dalma da ta ɓulla a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a arewa maso yammacin Najeriya. Annobar ta samo asali ne daga niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ta kuma kashe yara aƙalla 400 a farkon ɓullarta. Ana lissafa ta cikin mafi munin annobar gubar dalma da aka taɓa gani a duniya a wannan zamani.

Masana kiwon lafiyar jama'a kan kawo wannan shiri a matsayin misali na aikin da magani kaɗai bai isa ya kammala shi ba. Yaron da aka yi wa magani aka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da dalma, gubar za ta sake komawa jininsa. Saboda haka sai da aka tsara aikin daki-daki, kuma kowane mataki ya dogara ne da amincewar mutanen gari da kuma hannunsu a cikin aikin.

Yankin

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, hedikwatarta kuma tana Gusau. Anka, Bukkuyum da Gummi uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar, dukkansu suna cikin mazaɓar sanata ta Zamfara ta Yamma. Gummi da Bukkuyum maƙwabtan juna ne, kuma ɗan majalisa ɗaya ke wakiltarsu a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙidayar jama'a ta 2006, Anka na da mutane fiye da 140,000, Bukkuyum da Gummi kuwa kowacce ta haura 200,000. Garin Anka shi ne mazaunin Sarkin Zamfara, kuma kowacce daga cikin ƙananan hukumomin uku tana da masarautarta.

Yawancin mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, Musulmi, sana'arsu noma da kiwo. Ana noman gero, dawa, masara da wake da damina, da rani kuma aiki yakan yi ƙaranci. Ƙauyuka da dama suna nesa da kwalta, idan ruwa ya sauka hanyoyinsu sukan yanke. Ƙauyuka takwas da aka gudanar da babban aikin tsaftacewa a cikinsu su ne Dareta, Abare, Tungar Daji, Sunke, Duza da Bagega a Anka, sai 'Yar Galma da Tungar Guru a Bukkuyum.

Asalin matsalar

Haƙar zinare da hannu daɗaɗɗiyar sana'a ce a wannan yanki, amma ta bunƙasa sosai bayan tashin farashin zinare a kasuwar duniya, wanda ya haura dala 1,200 kan kowane oza a 2010. Manoma da yawa suka koma haƙa, musamman da rani. Ana ciro duwatsu daga rami, a zuba a buhuna a kai gari, a farfasa da guduma, sannan a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa irin na hatsi. Daga nan a wanke garin dutsen da ruwa, a haɗa shi da zaiba don ta kama zinaren, a ƙone zaibar, zinaren ya rage.

Wasu daga cikin ramukan da aka shiga a wannan lokaci duwatsunsu na ɗauke da dalma mai yawan gaske. Binciken masana ilimin ƙasa na Amurka ya nuna cewa wani kaso mai yawa na dalmar ya rikiɗe zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a ruwan cikin ɗan Adam. Niƙan da ake yi a bushe yana tayar da ƙura, ƙurar ta sauka a tsakar gida, ɗakuna, rijiyoyi, tafkuna da hatsin da aka shanya. A wasu wuraren an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wuraren wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka fi cutuwa, saboda suna rarrafe a ƙasa, suna kai hannu baki, hanjinsu kuma ya fi na manya tsotse dalma. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, jijiyoyi, ƙoda da jini. Idan ta yi yawa takan kawo amai, ciwon ciki, jijjiga, suma da mutuwa. Yaran da suka tsira wasunsu kan rasa gani ko ji, ko su samu naƙasar ƙwaƙwalwa ta din-din-din. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Yadda aka gano annobar

Mutanen ƙauyukan sun ga alamu tun kafin zuwan likitoci. A farkon 2010 agwagi sun riƙa mutuwa suna ɓacewa, amma ba a danganta hakan da wata cuta ba sai daga baya. Da yara suka fara jijjiga suna mutuwa, an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin alamominsu sun yi kama.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka samu labarin yawan mace-macen yara, suka kuma ga sababbin kaburbura masu yawa. Magungunan zazzaɓi da na sanƙarau ba su yi aiki ba. Da aka aika da jinin yaran ɗakin gwaje-gwaje a Turai, sai aka tabbatar da dalma ce.

A watan Mayu wata tawaga ta cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi shafa. Ta gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara ɗaya, wato kusan ɗaya cikin huɗu, kuma yawancinsu sun yi jijjiga kafin su cika. Cikin yaran da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da maikurogiram 45 ko fiye a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Na'urar gwajin tafi-da-gidanka da aka yi amfani da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce hakan. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa duwatsun ne a cikin gida. A watan Yuni Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da mutuwar mutum 163, 111 daga cikinsu yara.

Tushen tsarin shigar da al'umma

Tsara aikin lafiya tare da al'umma na nufin mutanen wuri su shiga cikin gano matsala, zaɓen abin da za a fara da shi, rabon aiki da bibiyar sakamako. Sanarwar Alma-Ata ta 1978 ta ayyana hakan a matsayin haƙƙin jama'a kuma nauyi a kansu. Shirin Bamako na 1987 ya ƙara ƙarfafa shi a ƙasashen Afirka. A Najeriya an kafa Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa a 1992, daga baya kuma aka ɗauki gunduma a matsayin mafi ƙanƙantar matakin tsara aikin lafiya, inda ake sa ran kowace gunduma ta samu kwamitin ci gaba mai kula da asibitinta.

A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, tsarin da ya fi kusa da jama'a a 2010 shi ne na sarauta, daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa, tare da limamai. Ta wannan hanya ce baƙi ke samun izinin shiga gari, kuma ta nan umarni ke isa kowane gida. Shirin yaƙi da dalma ya ginu ne a kan wannan tsari.

Matakan shirin

Masu ruwa da tsaki sun daidaita a kan matakai huɗu, waɗanda jerinsu ke da muhimmanci.

Na farko shi ne tsayar da gubar daga tushe. Masarautu da gwamnatin jiha sun ba da umarnin a fitar da niƙa da wankin duwatsu daga cikin gari zuwa bayan gari. Aiwatar da wannan ya rataya ne a wuyan dagatai da masu unguwanni, domin su ne suka san gidan da ake daka da gidan da aka ajiye buhuna.

Na biyu shi ne tsaftace muhalli. Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka da cibiyar Blacksmith suka ba da shawarar fasaha, Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi suka ba da ma'aikata. Ana auna ƙasar kowane gida da na'urar hannu mai gano ƙarfe, a zana taswirar wuraren da suka gurɓata, a kankare saman ƙasar da fartanya da shebur, a zuba a buhuna, a kai wani rami na musamman da aka haƙa a bayan gari a binne. Sai a kawo ƙasa mai tsabta da aka riga aka gwada a shimfiɗa, a share ɗakuna, a wanke kayan gida. An yi aikin a zango uku: Dareta da 'Yar Galma a Yuni da Yuli na 2010, kafin damina ta yi ƙarfi, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011, sai Bagega a 2013.

Na uku shi ne magani. MSF ta buɗe sassan jinya a manyan asibitocin Bukkuyum da Anka, daga baya kuma ta riƙa kai asibitin tafi-da-gidanka cikin ƙauyuka. Ana ba yaro maganin sha mai suna DMSA na tsawon makonni, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Masu tsananin ciwo akan kwantar da su a ba su wani maganin ta jijiya. Da yake dalma tana taruwa a ƙashi tana komowa jini a hankali, yara da yawa sun sha zagaye bayan zagaye na magani, wasu har tsawon shekaru. Ƙa'idar da aka bi ita ce ba a fara maganin gida a ƙauyen da ba a tsaftace ba, sai dai a kwashe yaran da rayuwarsu ke cikin haɗari a kai su asibiti.

Na huɗu shi ne sauya yadda ake sarrafa ma'adinin, domin kada gidajen da aka tsaftace su sake gurɓata.

Rawar da mutanen gari suka taka

Mafi yawan aikin tsaftacewa da hannu aka yi shi. An ɗauki mazan ƙauyukan a matsayin leburori ana biyansu, aka koya musu yadda ake kankare ƙasa ba tare da tayar da ƙura ba, wasu kuma suka zama shugabannin rukuni. Wannan ya rage kuɗin aiki, ya samar da abin yi a lokacin da aka taƙaita niƙa, ya kuma sa masu gida suka fi sakin jiki, domin masu shiga gidajensu 'yan'uwa ne da maƙwabta.

Al'adar kulle ta yi tasiri a kan yadda aka tsara komai. Baƙon namiji ba ya shiga cikin gida sai da izinin maigida, alhali a cikin gidan ne mata ke daka, a nan yara ke wasa, a nan kuma gubar ta fi taruwa. Saboda haka aka sa mata a cikin tawagogin awo da na wayar da kai. Su ne ke tattaunawa da matan gida kan inda ake daka dutse, inda ake shanya hatsi da inda yara ke kwana. Bayanan da matan suka bayar sun taimaka wajen gano wuraren da suka fi gurɓata. Iyaye mata ne kuma ke zaman jinya a asibiti, su ne ke ba yara magani a kan lokaci bayan an sallamo su.

Saƙonnin wayar da kai sun ta'allaƙa ne a kan abubuwan da kowane gida zai iya yi: wanke hannun yara kafin cin abinci, raba turmin hatsi da na dutse, shanya abinci a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, rufe rijiya, da hana yara zuwa wurin niƙa. An kuma ja hankalin mahaƙa su yi wanka su sauya tufafi kafin su dawo gida, domin ƙurar da ke jikin riga kaɗai ta isa ta cutar da jariri.

Batun Bagega

Bagega ita ce mafi girma cikin ƙauyukan takwas, kuma cibiyar niƙa da cinikin duwatsu ce a yankin. Girmanta da tarin dusar dutsen da ke gefenta sun sa aikinta ya fi ƙarfin kuɗin agajin da ake da shi a 2011. Kimanin yara 1,500 suka zauna jiran magani, wanda ba zai yiwu a fara ba sai an tsaftace garin.

A watan Fabrairu na 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan lamarin. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taro a Abuja, inda batun naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ya mamaye tattaunawa. Watanni suka shuɗe kuɗin bai fito ba. Wasu matasa 'yan Najeriya, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin bin diddigin kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, suka je Bagega suka tattaro bayanai da muryoyin mazauna, suka yaɗa su a Twitter da Facebook ƙarƙashin gangamin ceto Bagega. A ƙarshen Janairu na 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Aikin tsaftacewa ya fara a Fabrairu, MSF ta fara ba rukunin farko na yaran magani a Afrilu, aka kuma kammala tsaftace garin a tsakiyar shekarar. A wannan zango ma'aikatan gwamnatin Najeriya da aka horar a zangunan baya ne suka riƙe mafi yawan aikin, ƙwararrun waje suna ba da shawara.

Sakamako

Wani nazari da masu aikin suka wallafa a 2016 ya nuna cewa an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas. Yawan dalma a ƙasa ya ragu da kashi 89 cikin ɗari. Matsakaicin dalmar da ake samu a jinin ƙananan yara kafin a fara musu magani ya sauka daga maikurogiram 149 zuwa 15 a kowace desilita cikin shekaru huɗu. Mace-macen yara sun ragu ƙwarai tun a watannin farko na aikin.

Daga 2010 zuwa ƙarshen 2021, MSF ta gwada jinin yara fiye da 8,000, ta kuma ba fiye da 3,500 maganin fitar da dalma. Ƙungiyar ta ƙiyasta cewa jimillar yaran da suka mutu ta haura 600. A farkon 2022 ta miƙa shirin ga hukumomin Jihar Zamfara da al'ummomin yankin.

Ƙalubale

Babban ƙalubale shi ne abin da mutane za su ci. Haƙar zinare tana kawo kuɗin da noma ba ya kawowa, don haka tsoron a hana sana'ar ya sa wasu suka yi nauyin baki a farko, wasu kuma suka ci gaba da niƙa a ɓoye. An samu gidajen da suka sake gurɓata bayan an tsaftace su. Wannan ya sa masu shirin suka karkata ga koyar da haƙa mai aminci maimakon dogaro da haramci. Wani gwaji da MSF da ƙungiyar OK International suka yi tare da mahaƙa a arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kashi 80. An haɗa wannan da wuraren wanka da sauya kaya, da keɓe wurin cin abinci a filin aiki.

Na biyu shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da satar mutane don neman kuɗin fansa sun tsananta a Anka, Bukkuyum da Gummi a shekarun baya-bayan nan. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu sun koma garuruwa, har aka samu sansanin 'yan gudun hijira a cikin garin Anka. Zuwa ƙauyuka don bibiyar yara ya yi wuya. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda dalilan tsaro, ta kuma ɗage haramcin a Disamba 2024.

Na uku shi ne ɗorewa. Gwajin jini, magani da na'urorin awon ƙasa suna da tsada, kuma mafi yawansu daga ƙungiyoyin waje suka zo. Yaran da gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suna buƙatar kulawa da karatu na musamman har girmansu. Asibitocin yankin kuma suna fama da wasu matsalolin a lokaci guda, kamar tamowa, ƙyanda, kwalara da zazzaɓin cizon sauro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke samun aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma kwamitocin gunduma na cikin masu sa ido kan yadda asibitoci ke kashe kasonsu.

Tasiri a wasu wurare

A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu a yankin Shikira. An bi jerin matakan da aka gwada a Zamfara: fitar da niƙa daga gidaje, tsaftace ƙasa da hannun mutanen gari, ba da magani, sannan koyar da haƙa mai aminci. Wasu daga cikin ma'aikatan da suka samu horo a Anka da Bukkuyum sun taimaka a wannan aiki, an kuma tsaftace ƙauyukan a 2016.

Duba kuma

Gubar dalma
Haƙar ma'adinai a Najeriya
Masarautar Anka
Kiwon lafiya a matakin farko